Ku Tambayi Baba Injiniya: Ina Gidan da Aka Ce An Gina Mana?

Tun da ruwa ya ɗauke, wasiƙun da ke shigowa wannan fili kusan duk maganarsu ɗaya ce: gidajen da ake ginawa da kuɗin gwamnati domin waɗanda ambaliya ta raba da muhallinsu. Na zaɓi huɗu. Na cire sunayen masu tambaya da na garuruwansu, saboda wasunsu har yanzu a ajin firamare suke kwana suna jiran rabo, kuma ba zan so wasiƙar da mutum ya aiko mini ta zama sanadin soke shi ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyar. Ruwan bara ya cinye mana ɗakuna uku da rumbu. Bayan sati biyu wasu mutane suka zo da littafi, suka rubuta sunana, suka ɗauke ni hoto a gaban kangon. Yanzu an gina gidaje a bayan gari, an fara raba makullai, na je aka ce babu sunana. Amma wani da ko katangarsa ba ta jiƙe ba an ba shi, har ya zuba 'yan haya. Ina zan kai kukana?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayu, ya mayar miki da mafi alherin abin da ruwa ya tafi da shi.

Kafin ki kai ƙarar kowa, fara bincika abu guda. Masu ɗaukar suna galibi magidanci suke rubutawa. Sau da yawa na ga gidan mace irinki ya fito a jerin, amma da sunan mamacin, ko da sunan ƙaninsa da ya tsaya kusa da masu littafi ranar da suka zo. In haka ne, makullinki yana aljihun wani cikin dangi, kuma maganar ta gaban dattawan gida ce da mai unguwa kafin ta zama ta ofis. Ki tura babban ɗanki, ko wani mai karatu da kika yarda da shi, ya bi jerin layi-layi yana neman sunan mijinki da na 'yan'uwansa.

In kuwa babu ko ɗaya, to abin da na fi sani ne ya same ki. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina ƙirga bulo da buhun siminti a aikin gwamnati. Mutane sun ɗauka a wurin gini ake cin kuɗin gidajen agaji. Ana ci a can ma, za mu zo kansa. Amma cutar da ta fi ciwo tun ba a haƙa fandisho ba ake gama ta, a kan takarda. Littafin da aka rubuta sunanki a gaban kango shi ne na gaskiya, domin ranar nan laka na ƙafar kowa, ba mai iya ƙarya. Daga nan sai littafi ya kama tafiya: a kai shi a buga a kwamfuta, a tura wa kwamiti ya tantance, a kai wa wani babba ya sa albarka. Gidaje ɗari ne, masu asara ɗari huɗu, dole a rage. A wurin ragewar ne kowane hannu ke zare suna biyu ya cusa biyu: direban wane, surukin wane, yaron da ya yi wa jam'iyya wahala. Ba wanda zai ce miki an cire ki. Cewa za a yi kwamfuta ce ta tsallake, ko kuma ki jira kashi na biyu. Ni dai a zamana na aiki ban cika ganin kashi na biyu ya iso ba.

Kada ki je ke kaɗai. Mace ɗaya a bakin ofis, masinja ma ya isa ya sallame ta. Ki nemo sauran da aka rubuta aka kuma tsallake, na tabbata suna nan. Ku sa a rubuta muku takarda ɗaya, gajera, ba zagi ba habaici: sunan kowa, unguwarsa, ɗaki nawa ya faɗi, da ranar da aka zo ɗaukar suna. Duk mai hoton kangonsa a waya ya kawo, domin waya tana riƙe ranar da aka ɗauki hoto. Liman da mai unguwa su sa hannu a matsayin shaidu. Ku yi kwafi biyu, ku miƙa ɗaya, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayar ku koma da ita gida ku adana kamar takardar gona. Wadda ba a buga wa hatimi ba, gobe za a rantse ba a taɓa ganinta ba.

A cikin takardar ku nemi abu biyu: kwafin jerin farko da na ƙarshe, da ƙa'idar da aka bi wajen zaɓe. Ba alfarma kuke roƙo ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman irin wannan takarda daga ofishin gwamnati ba sai ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba ofishin kwana 7 ya amsa. Shekara da shekaru jihohi na fakewa da cewa dokar tarayya ce, ba ta hau kansu ba, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau. Suna iya ce muku sunayen mutane sirri ne. To ku ce a ba ku ƙa'idar, da adadin gidajen da kowace unguwa ta samu. Wannan kaɗai ya isa ya tona abin da ake ɓoyewa, in aka ga unguwar kan tudu ta fi ta bakin kogi samu.

In aka yi muku shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, tana da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko sisi. Akwai ICPC, hukumar tarayya mai yaƙi da cin hanci. Wasu jihohin, irin su Kano, suna da tasu hukumar ta ƙorafi da yaƙi da cin hanci. Sannan akwai rediyo, kuma ba na raina rediyo. Na ga fayil da ya yi wata shida a ƙarƙashin tebur ya fito da ƙafarsa washegarin da aka karanta koke a shirin safe.

Shi kuwa mai 'yan haya, kada ki sa sunansa a takardarku ta farko. In kika sa, maganar za ta tashi daga neman haƙƙinki ta koma rigima tsakaninki da shi, kuma wanda ya cusa shi zai tsaya masa. Ki nemi naki tukuna. Ranar da aka ajiye jerin biyu kafaɗa da kafaɗa, sunansa zai yi magana da kansa.

Abin da ke ba ni haushi, maganin wannan duka bai wuce kuɗin takarda da gam ba. A liƙa jerin a ƙofar masallacin Juma'a, da coci inda akwai, da bakin kasuwa, da asibitin sha-ka-tafi. A sa sanƙira ko mai lasifika ya karanta wa waɗanda ba su yi boko ba. A ba da sati biyu kowa ya kawo gyara kafin a raba makulli ko ɗaya. A ƙauye ba wanda bai san bangon da ya faɗi da wanda ya tsaya ba. Duk kwamitin da ya ƙi liƙa jerinsa, ya riga ya gaya miki abin da ke ciki.

TAMBAYA: Baba, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, ina cikin ƙungiyar matasan garinmu. Ana gina gidajen ambaliya hamsin, mun je mun gani, bulon da farce ma ana kankare shi. Allon da aka kafa babu kuɗin kwangila, babu ranar gamawa, sai hotunan manya. Da muka yi magana fomen ya ce mu ba injiniyoyi ba ne, kuma ba a raina kyauta. Yaya za mu tabbatar da abin da muke zargi?

AMSA: Ɗana, ka gaya wa fomen ɗin nan ba kyauta ba ce. Kuɗin baitulmali ne, har da harajin da ake cira duk sanda mahaifiyarka ta sa kati a waya.

Ba sai kun zama injiniyoyi ba. Ku ɗauki bulo ɗaya da ya bushe, ku ɗaga shi daidai ƙugu ku sake shi a kwance kan ƙasa mai tauri. Na kirki zai tsaya, ko ya ɓantale a gefe, ko ya rabu biyu. Na banza garin yashi zai koma. Ku yi wa bulo biyar haka daga wurare daban-daban, wani na ɗaukar bidiyo. In a wurin ake buga bulon, ɗayanku ya yi sammako ya zauna a inuwa kamar mai jiran wani, ya ƙirga buhun siminti nawa aka farke da bulo nawa suka fito. Ni a hannuna buhu ɗaya ba ya wuce bulo 30 zuwa 35 mai inci tara. Na sha tarar da inda ake fitar da ninkin haka. Ku lura kuma ko ana ba bulon ruwa safe da yamma har sati. Bulon da aka buga jiya aka ɗora yau, ko simintinsa ya cika, ba zai yi ƙarfi ba.

Rodi kuwa ku tafi da mai walda, ido kawai ya ishe shi ya bambance mai milimita 12 da mai 10. Ku je kafin a zuba kankare a ginshiƙi da linta, don in aka zuba an binne shaida. Kwano, kafinta ya lanƙwasa gefensa da yatsa zai gaya muku gejinsa. Ku ƙirga masai, ku tambayi inda ruwan sha zai fito.

Amma abin da ya fi duk waɗannan, kuma shi ne ba a dubawa: tsayin daɓen ɗaki. Ku nemi tsohuwar bishiya ko bango a wurin, za ku ga layin da ruwan bara ya bari. In daɓen gidajen yana ƙasa da layin nan, to ko da zinare aka gina su an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Filin ma abin tambaya ne. Na waye kafin gwamnati ta saya, kuma nawa aka biya? Akwai masu sayen fadamar da ba mai so da araha sati kaɗan kafin a sanar da wurin aiki. Akwai kuma filin da ke kan tudu lafiya lau, amma tafiyar awa biyu daga gonakin mutane da kasuwarsu. Irin wannan a shekara guda za ka tarar jemagu ne a ciki, masu gida sun koma bakin kogi, sai a fito a ce talaka ba ya jin magana.

Ka san dalilin da bulo ke zama gari? Sau da yawa maginin da kuka gani a wurin ba shi ne ɓarawon ba. Wanda aka ba kwangilar ko cokalin gini bai taɓa riƙewa ba. Ya cire nasa ya sayar da takardar, na biyu ya cire nasa ya sayar, a tsakani an kai kason ofis. Kafin ta iso hannun mai ginin gaske kuɗin ya rame, shi kuma ba inda zai fanshe sai a siminti da rodi.

Bari in ba ka labarin kaina. Wata shekara aka tura ni in ƙirga gidaje in sa hannu a takardar biya. A mota aka zaga da ni. Layin gaba fenti sai ƙyalli, har labule an rataya a tagar gidan farko. Na ce a tsaya zan kama ruwa. Da na zaga baya, sai ga layi biyu ba rufi, ciyawa ta kai gwiwa, wata akuya na kwance a tsakar ɗaki tana tuƙa. Na dawo mota na tarar da ambulan a kan kujerata, aka ce kuɗin mai ne. Ba zan yi maka ƙaryar walittaka ba: na riƙe ambulan ɗin nan har muka hau kwalta, ina lissafin kuɗin makarantar yara. Na dai mayar, ban kuma sa hannu ba. Bayan sati uku aka mayar da ni sashen yashe magudanai, wani ya sa hannu, aka biya kuɗi cif. Tun ranar na daina yarda cewa ma'aikaci mai gaskiya guda ɗaya zai tsare aiki. Sauya shi bai wuce takarda mai layi uku ba. Matasa talatin masu waya a hannu kuwa ba a iya yi musu canjin wurin aiki.

Don haka ku rubuta ku nemi takardu uku: takardar ba da kwangila, da takardar ƙiyasin kayan aiki wadda 'yan kwangila ke kira BOQ, da lissafin abin da aka biya zuwa yau. Ta biyun ita ce madubi, a ciki aka rubuta kaurin rodi da gejin kwano da zurfin fandisho. In aikin na tarayya ne, dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta ƙayyade kuɗin somin aiki da kashi 15 cikin ɗari, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30, kuma ba a bayarwa sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. Jihohi suna da nasu dokokin. Za a ce muku aikin gaggawa ne shi ya sa ba a yi talla ba. Gaskiya ne dokar ta yarda a ba da kwangila kai tsaye lokacin bala'i, amma ta wajabta a kai cikakken rahoto ga hukumar kula da sayayya da zarar gaggawar ta wuce. Sannan tanti da shinkafa da maganin kwalara su ne gaggawa. Gidan bulo da aka fara wata takwas bayan ruwa ya janye, wace gaggawa ce ta hana a yi masa tallan sati uku? A al'adar kwangila kuma ana riƙe wani kaso, galibi biyar cikin ɗari, na wata shida bayan gama aiki, don in bango ya tsage a gyara da shi. Ku tambaya ko an riƙe.

Sunan kamfanin da ke jikin allo, ku bincika shi a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, kyauta ne, kuma tun 2023 akwai rajistar da ke nuna ainihin masu kamfani. In kamfanin wata uku ne da haihuwa, ko sunan mai shi ya yi kama da na wani a kwamiti, kun sami abin rubutawa. Akwai masu wannan aikin da za ku iya jingina da su: Tracka na ƙungiyar BudgIT, da Follow The Money, waɗanda suka fara da matsa lamba kan gubar dalma a Bagega ta Zamfara har aka saki kuɗin aikin a farkon 2013, da wani shafin bin diddigin kwangiloli mai suna Budeshi. Daga Hausa aka ɗauko sunan, buɗe shi, kuma duk maganata ta yau ba ta wuce wannan kalma ba.

Ku yi shi yanzu, aiki na tafiya. Kada ku ce bari a gama a kai kotu. Ku tuna kwangilar cire ciyawa a Yobe ƙarƙashin shirin farfaɗo da Arewa maso Gabas. Kwamitin Majalisar Dattawa na Shehu Sani ya ta da maganar a ƙarshen 2016, aka sauke sakataren gwamnatin tarayya Babachir Lawal a 2017, EFCC ta gurfanar da shi a 2019, a Nuwamban 2022 kotu ta sallame shi ta ce masu ƙara ba su kafa hujja ba. Shekara shida ke nan. Ko ta wace fuska ka kalli hukuncin, ɗan gudun hijira bai ƙaru da ko kwano ɗaya daga shari'ar ba.

TAMBAYA: Malam Injiniya, musu muke yi a majalisarmu. Ni malamin makaranta ne, na ce gara a ba mutane kuɗin su gina da kansu. Abokina ya ce in ka danƙa wa mutumin nan namu kuɗi a hannu, aure zai ƙara. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Malam, abokinka ya san mutanensa, amma bai san yadda ake biyan ba. Ba a dunƙule ake bayarwa ba.

Ran 8 ga Oktoban 2005 girgizar ƙasa ta afka wa yankin Kashmir da arewacin Pakistan, ta kashe mutum fiye da 73,000, gidaje wajen 600,000 suka rushe ko suka lalace, yawanci a ƙauyukan kan duwatsu. Gwamnati ba ta ba 'yan kwangila gidajen karkara ba. Duk wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya an yanka masa rupi 175,000, amma kashi huɗu: 25,000 na matsugunin wucin gadi, 75,000 na fara aiki, 25,000 in masu dubawa sun zo sun ga fandisho ya taso bisa ƙa'ida, 50,000 in gini ya kai linta. Bayan kason farko, ta asusun banki ake tura kuɗin da sunan mai gida. Aka kuma horar da magina yadda ake ɗaure gini don ya jure girgiza. Wanda ya ci kason farko a shagali, ya yanke wa kansa sauran. Da ambaliyar 2022 ta cinye lardin Sindh, wannan hanyar suka sake bi da tallafin Bankin Duniya: gidaje wajen miliyan 2 aka sa a gaba, rupi 300,000 kowane gida, kashi huɗu, ana kuma ba mata takardar mallakar fili da sunansu. 'Yata mai tambayar farko, da a can kike da wuya ƙanin miji ya riga ki.

Hikimar a fili take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutum ba ya rage simintin ɗakin da 'ya'yansa za su kwana. Mai son sata kuma, maimakon ya yi ciniki da ɗan kwangila ɗaya a otal, sai ya bi mutum dubu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da baki.

Kwatanta da namu. A ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, Shugaba Jonathan ya ware naira biliyan 17.6: biliyan 13.3 ga jihohi, 4.3 ga hukumomin tarayya. Aka kasa jihohi rukuni huɗu, daga masu miliyan 500 zuwa masu 250. Kuɗi ya tafi a dunƙule, daga babban asusu zuwa babban asusu, kuma jaridun lokacin sun cika da kukan mutanen da suka ce abin da ya iso hannunsu bai taka kara ya karya ba. Bayan shekara goma ruwan 2022 ya zo ya kashe fiye da 600, sai madatsar Alau ta ɓalle kan Maiduguri a Satumban 2024, sai Mokwa a Mayun 2025. Yau baligai da yawa na da lambar NIN ko BVN, mai POS kuma har ƙauye ya kai. Uzurin cewa ba hanyar da za a kai kuɗi hannun mai shi ya ƙare.

Ina bayanka, Malam, amma kada ka je majalisa ka yi ta ƙafafa, tsarin yana da nasa ramukan. Mai dubawa na iya cewa sai an ba shi na goro kafin ya sa hannu, don haka dole a riƙa juya su, kowane sa hannu kuma da hoton ginin. In gari guda ya tashi gini lokaci ɗaya, siminti da ladan magini sai su yi tashin gwauron zabi, kuma a Sindh ɗin ma an yi ta kukan kuɗin da ƙyar yake tsayar da ɗaki ɗaya. Tsohuwa da makaho ba za su iya bin leburori ba, sai an haɗa musu da gayya ko wakilin da unguwa ta sani. In kuma tsohon matsugunin a kan hanyar ruwa yake, sai gwamnati ta ba da sabon fili ta kai titi da ruwa, wannan kuwa aikin ɗan kwangila ne ko an ƙi ko an so.

A nan ne Indonesiya ke da abin koyi. Bayan tsunami ta Disambar 2004 ta share gaɓar Aceh, suka kafa hukuma ta musamman a 2005 ƙarƙashin Kuntoro Mangkusubroto. Hedikwatarta a Banda Aceh aka ajiye ta, cikin waɗanda abin ya shafa, ba a babban birnin ƙasa ba. Tana da sashen yaƙi da cin hanci a cikin gidanta, ayyukan kuma an zuba su a intanet kowa ya gani. Abin da ya fi burge ni, an yanka mata wa'adin shekara huɗu tun ranar haihuwa, a 2009 ta rufe, an gina gidaje wajen 140,000. Hukumar da ta san ranar mutuwarta ba ta da lokacin gina wa kanta katafaren ofis. Duk da haka an sami masu gida biyu, an sami gidajen da ba wanda ya shiga, kuma da farko an manta da 'yan haya sai da suka yi zanga-zanga aka gyara. Wannan na ƙarshe mu riƙe shi, don a birni irin Maiduguri masu haya ba kaɗan ba ne, kuma katifarsu da buhun masararsu ruwa bai tambayi takardar fili ba kafin ya tafi da su.

In abokin naka ya ce to a miƙa wa Turawa masu agaji su yi, ka ba shi labarin Haiti. A 2015 'yan jaridar ProPublica da NPR suka ruwaito cewa Red Cross ta Amurka ta tara kusan dala miliyan 500 bayan girgizar 2010, amma gidajen dindindin da ta gina shida ne. Ƙungiyar ta kare kanta da cewa ta taimaki dubban mutane ta hanyar matsugunin wucin gadi da gyare-gyare da kuɗin haya, rikicin mallakar fili kuma ya hana gini. Ko ma yaya ne, sai da aka buɗe littafi aka san abin tambaya.

TAMBAYA: Baba, ni ƙaramin ma'aikaci ne, ni ke buga jerin sunaye a kwamfuta. Shugabana ya kawo mini sunaye goma sha biyu a guntuwar takarda ya ce in saka, in cire na ƙasa. Ina da mata da yara, ba ni da kowa a sama. Ya zan yi?

AMSA: Ɗana, na ji maka, na kuma tsaya inda kake tsaye. Ba zan ce ka buga tebur ka yi wa'azi ba, korarka za a yi a kawo wanda zai buga.

Ka lura da abu ɗaya: a guntuwar takarda ya kawo, ba sa hannu. Ranar da abin ya fashe, kwamfutarka ce za ta nuna wanda ya sauya, shi kuwa zai ce bai san zance ba. To ka je masa da ladabi ka ce, ranka ya daɗe, a taimaka a sa mini umarnin a fayil a sa hannu, don masu binciken kuɗi in sun zo in sami abin nuna musu. Da yawansu a nan suke ja da baya, don ba mai son rubutun hannunsa a kan irin wannan. In ya rubuta, nauyin ya koma wuyansa. In ya ƙi rubutawa ya kuma matsa, ka ajiye kwafin jerin farko da kwanan watansa a inda ba ofis ba, ka ɗauki hoton guntuwar takardar, ka rubuta a littafinka ranar da sa'ar da aka ba ka ita. Kada ka faɗa wa abokin aiki, ko wanda kuke cin abinci tare. ICPC na karɓar ƙorafi a rubuce, amma ka sani kariyar da mai tona asiri ke samu a ƙasar nan ba ta da ƙarfi, don haka ka fara shawara da lauya ko ɗaya daga ƙungiyoyin da na ambata a sama kafin ka sa sunanka a ko'ina.

Kuma kafin ka taɓa komai, ka karanta sunaye goma sha biyun da ke ƙasan jerin, waɗanda aka ce ka cire. Ka duba ko akwai mace mai yara biyar a ciki, ɗakuna uku da rumbu.

Mai tambaya kan rijiyar burtsatsen da ta ƙafe wata biyu bayan bikin buɗewa, wasiƙarka ta iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.